Amsa ga 'yar'uwar da mijinta ya canza tun bayan bam ɗin Tashar Dukku

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na fara rubutu ina gogewa, don ban saba buɗe wannan maganar a cikin jama'a ba. Kin ce maigidanki direba ne, yana Tashar Dukku ranar da bam ya tashi a Disambar 2014. Raunin jikinsa bai yi yawa ba, amma tun daga ranar kamar an sauya miki shi. Ba ya barci, ba ya shiga taro, ya ajiye tuƙi, in yaro ya bugo ƙofa sai ya zabura ya rufe shi da duka. Danginsa wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce ke kika yi masa asiri. Kina tambaya ko akwai magani, ko kuwa ki tattara ki koma gidanku. Wallahi da na zo inda kika ce yana kwana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafarsa, sai da na kife wayar. Haka na yi ta yi. Maiɗakina tana nan da ranta, ita ce shaidata.

Ni nawa na babbar kasuwa ne, wata bakwai bayan naku. Ranar Alhamis, 16 ga Yulin 2015, azumi 29. Kin san yadda kasuwar Gombe take a jajibirin Sallah, ba masaka tsinke. Kayan yara nake sayarwa, 'yan kanti, huluna, safa, da agoguna da tabarau na roba irin waɗanda yara ke yi wa kuka. Fiye da rabin kayan bashi na karɓo, don cinikin shekara a wannan satin muke yinsa. Akwai ɗan yayata a hannuna, shekararsa 14, tun rasuwar mahaifinsa ta ba ni riƙonsa. Bayan la'asar wata mata ta yi sayayya, babu canji. Na miƙa masa naira 1000 na ce ya ruga wajen masu takalma ya yo min canji. Ya ce, Kawu bari in gama ƙulle ledar nan. Na daka masa tsawa. Ya ajiye ledar ya tafi.

Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Tsawa, a kan canji.

Mutane suna ba da labarin ƙara, ni ban ji ƙara ba. Abin da na sani, wata iska mai zafi ta ɗauke ni ta buga da teburin maƙwabcina, ƙasa ta cika min baki, sai duniya ta yi tsit. Ina ganin bakunan mutane a wangame ba na jin komai. Na miƙe zan nufi inda na aiki yaron, wani dattijo mai tura baro ya rungume ni ta baya ya ƙi saki, ina ta kai masa gwiwar hannu. Ba a yi minti nawa ba na biyun ya tashi. Da yawan waɗanda na biyun ya ci, masu kai ɗauki ne. Har yau ban san dattijon nan ba, ban kuma sake ganinsa ba, kullum yana cikin addu'ata.

Sai bayan isha'i muka same shi a asibiti, a cikin jerin waɗanda aka lulluɓe a ƙasa. Ba ta fuska na gane shi ba. Da safiyar ranar ya ɗauki wani jan agogon roba a cikin kaya ya ɗaura, na ce masa sai na cire a kuɗin Sallarsa, ya yi dariya. Agogon na gani a hannun da ya leƙo daga ƙarƙashin zane. Ina tsugune a wurin wani ma'aikaci ya miƙo min ruwan leda, sai a lokacin na tuna ban sha ruwa ba tun da aka kira magariba. A rediyon wani na ji ana sanar da ganin wata. Da gari ya waye mutane suna haramar idi, mu muna haramar maƙabarta. An ce kusan mutum 50 ne suka rasu a ranar. Muna dawowa daga binnewa labari ya zo cewa an tayar da wani a Damaturu wajen masu sallar idi. Kwana shida bayan na kasuwa, 22 ga wata, aka sake kai wa Tashar Dadin Kowa da Tashar Dukku. Kin ga tashar mijinki sau biyu ke nan. To ki faɗa min ta ina zuciyarsa za ta yarda cewa an gama?

Da na je gaban yayata na kasa ɗaga kai. Ita ce ma ta dafa ni, ta ce wanda ya ba ta shi ne ya karɓi abinsa. Har yau ba ta taɓa tambayata me ya kai shi wajen masu takalma ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan mako guda tela ya kawo ɗinkin Sallar yaron a leda, ya ajiye a zaure, ya ƙi karɓar kuɗinsa.

Sai maganar ubangidana, wanda nake karɓar kaya a hannunsa. Ba zan kama suna ba, Allah ya san shi. Shekara tara muna tare, ban taɓa riƙe masa ko sisi ba. Kwana biyar da rasuwar, ko sadakar bakwai ba a yi ba, ya zo ya zauna a tabarmar makoki, ya ɗaga hannu aka yi addu'a aka shafa, sannan ya ce in zo mu keɓe. A gindin darbejiyar ƙofar gida ya zaro littafi daga aljihu ya buɗe min lissafi. Kayan nan kuwa a turmutsutsin gudu aka tattake wasu, wasu aka kwashe, abin da ya rage duk ƙura da jini. Na ce Alhaji ka ba ni lokaci. Ya ce shi ma na sama da shi a Kano ba su san bam ba. To, haƙƙinsa ne, ban musa ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne na bayan nan. Da aka ga wata biyu, wata uku ban koma kasuwa ba, sai ya riƙa faɗa a majalisa cewa haukan ƙarya nake yi don in cinye masa kuɗi. Wai ni kaɗai bam ɗin ya tashi a kaina? Ga wane da aka yanke wa ƙafa ya koma shago. Maganar ta zagaya har ta iso kunnen surukaina. Mutumin da ya ci tuwon sunan 'ya'yana. Na sayar da ɗan filin da nake tanadin gini, maiɗakina ta sayar da keken ɗinkinta, na biya shi har kwabon ƙarshe a gaban shaidu biyu. Ya ƙirga a gabana, ya sake ƙirgawa, bai ce Allah ya jiƙan yaro ba. Yanzu in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure ina ba shi hannu, don Musulmi ne, amma in na ce miki zuciyata ta wanke na yi ƙarya. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, har yanzu ban kai ba. Akwai kuma wani da ya bi mu gida-gida yana rubuta sunaye da karɓar hotuna wai za a kawo tallafi. Sau uku ina ba da fasfo. Daga baya muka ji waɗanda suka samu, ciki har da mutanen da ranar ko hanyar kasuwa ba su bi ba. Wannan na bar shi da Allah.

Na kawo maganar Alhajin ne don ki san irin ɓarnar da baki yake yi. Kalmar raggo da kalmar mai haukan ƙarya sun mayar da ni baya fiye da bam ɗin kansa. Don Allah, duk ɓacin ran da za ki yi, kada ki gwada shi da wani. Kada ki ce ga wane da ya fi ka jin ciwo yana ta nemansa. Ya sani. Shi yake faɗa wa kansa kullum cikin dare.

Abubuwan da kika lissafa duk na yi su, har da waɗanda ba ki faɗa ba. Warin babbaka ba na iya jinsa, Layya biyu na yi a ƙauye a ɗakin kakata da ƙofa a rufe. In taya ta fashe ko salansar babur ta buga, sai dai in tsinci kaina a kwance a ƙasa mutane na kallona. Juma'a a can bakin titi nake shimfiɗa darduma, ƙarshen sahu, inda zan ga kowa. In na hango yarinya da dogon hijabi riƙe da kula ko leda, sai in tsallaka titi, alhali 'yata ma irin shigar da take yi ke nan. Kuma na doki ɗana. Yana ɗan shekara biyar, ya fasa balan-balan a bayana ina alwala. Ban san lokacin da na yi jifa da shi ba. Leɓensa ya fashe. Shekara guda yaron nan in na shigo gida sai ya ɓuya a bayan uwarsa.

A kan wannan ba zan ce ki yi haƙuri ba. Duka ba abin haƙuri ba ne, ko da mai yinsa ba shi da lafiya. In kin ga idonsa ya juya, kwashe yaran ki kai su maƙwabta. In abin ya kai kanki, ki tafi gida ki huta, ba laifi kika yi ba. Maiɗakina sau biyu tana tafiya, na biyun ta ce ba za ta dawo ba sai na yarda an kai ni asibiti, kuma mahaifinta ya goya mata baya. A lokacin na ji haushinta. Yau na san tafiyar nan ce ta cece ni. Amma ki nemi babba guda a danginsa wanda yake jin nauyinsa, baffa ko yaya, ki zaunar da shi ki ba shi labarin dare, abin da su ba sa gani. Masu cewa asiri kika yi, ki bar su, ba a ɗakin suke kwana ba.

Shekara uku ina yawon ruƙiyya. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, an yi min tofi, har Bajoga an kai ni wajen wani malami. Ba na raina addu'a, ita ta riƙe ni ban yi wa kaina illa ba, don tunanin ya zo min ba sau ɗaya ba. Amma wani malamin unguwarmu, Allah ya saka masa, bayan ya yi min karatu kwana bakwai ya ce shi bai ga aljani a jikina ba, firgici ya gani, in tafi wajen likita, shi kuma zai ci gaba da addu'a. Ya kawo min hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Ki lura da kemis. Wannan ki riƙe shi da kyau. Ni da kaina na fara sayen ƙwayar barci, daga ɗaya na koma biyu, na koma huɗu, in ban sha ba jikina rawa yake. Direbobi kuma kin san tiramol ba ya musu wuyar samu. Ki duba aljihunsa da ƙarƙashin katifa, ba da faɗa ba.

Da muka je asibiti, abin mamaki, kunne aka fara dubawa. Ashe dodon kunnena na hagu ya fashe tun ranar, shekara uku ina yawo da shi. Ƙugin da ke hana ni barci daga nan wani yake, kuma ihun da iyalina ke cewa ina yi musu, rabinsa ban san ina ɗaga murya ba. Kuma wanda ba ya ji ta gefe guda, duk wanda ya ɓullo masa ta nan sai ya razana shi. Ki sa a duba kunnen mijinki. Ta nan ma ya fi sauƙi ki shawo kansa, don namiji zai yarda ya je ganin likitan kunne, amma ki ce masa likitan ƙwaƙwalwa, zai ce kin mayar da shi mahaukaci. Daga can su za su tura shi. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe akwai masu duba wannan, a Maiduguri kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya sukutum, waɗanda suka ga irin wannan ba iyaka.

Likitan da ya gan ni ya ce ciwon yana da suna, a taƙaice suna ce masa PTSD, kuma sojojin da suka dawo daga daji ma suna fama da shi. Yadda ya kwatanta min, jikin mutum yana da mai gadi da ke tashi in an shiga haɗari, to nawa tun ranar kasuwa ya ƙi komawa ya kwanta. Na yi kuka a ofishin nan kamar yaro, don karo na farko ke nan da wani ya ce min abin da nake ji ciwo ne sananne. Ya ba ni magani, ya ce sai ya yi makonni kafin in ga aikinsa, kuma kada in yanke shi da kaina rana ɗaya. Sannan zama, ana sa ni in ba da labarin ranar, har zancen canjin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kasuwa kuma kaɗan-kaɗan muka koma. Da farko da sassafe, ni da wani aminina, mu tsaya a bakin ƙofa minti goma mu juya. Sai rumfar farko. Wata huɗu kafin na iya taka layin masu takalma. Shi ma mijinki kada a ce ya koma lodi a tasha gobe. Ya fara zama a mota tana tsaye a ƙofar gida, ya zagaya unguwa, ya kai ku asibiti ko biki.

Wani lokaci ina ganin garin nan gaba ɗaya ciwon yake yi, ba mu kaɗai ba. Ku tuna ƙarshen 2014, 'yan Boko Haram sun shiga Nafada, sun shiga Bajoga da Ashaka, Mubi na hannunsu. Ga 14 ga Fabrairun 2015 da suka tunkaro Gombe suna watsa takardun kada a fita zaɓe, aka sa dokar hana fita. Shingaye ko'ina, buhunan yashi da durom, ka sauka daga babur ka tura, a shafa ka da na'ura kafin ka shiga masallaci. An kwashe yawancin shingayen, amma halin da suka koya mana yana nan. Kafin bam na biyu na kasuwa, in abu ya faru kowa rugawa yake ya taimaka. Yanzu ko hatsarin mota ne sai ka ga mutane sun ja baya tukuna. Da can baƙo ya sauka a masallaci a kai masa tuwo ba a tambaye shi daga ina ba.

Ni kaina na zalunci wani, kuma yana damuna. Lokacin da mutanen Damboa da Gwoza suka cika garin nan har haya ta yi tsada, wani ya kama ɗaki kusa da mu. Kullum tsakar dare yana waje yana waya da Barbarci, murya ƙasa-ƙasa. Na kai ƙararsa wajen mai unguwa, aka zo aka tafi da shi, ya kwana uku. Ashe matarsa da 'ya'yansa biyu yake cigiya, tun ranar da suka watse a daji bai san inda suke ba, dare ne lokacin da yake samun waɗanda zai tambaya. Da aka sake shi ya tashi daga unguwar. Na neme shi in roƙi gafara ban same shi ba. Mutumin da abin da ya ci ni shi ya ci shi, har ya fi. Kuma ki duba, wanda aka yi wa haka, gobe in ya ga abin zargi na gaske, zai je ya faɗa wa hukuma?

Nan kusa da mu a Malam Sidi, tun 2016 ake kawo tubabbun 'yan Boko Haram, a koya musu sana'a, a haɗa su da malamai da masu ba da shawara kafin a mayar da su garuruwansu. Ranar da na fara ji ban ci abinci ba. Yanzu na ɗan sauko, na san da yawa yara ne aka kwashe da ƙarfi, kuma bindiga kaɗai ba ta ƙare irin wannan yaƙin. Amma in an san wanda ya riƙe makami yana buƙatar mai zama da shi ya warware masa kai, to direban da ya kwashe gawarwakin abokansa a tasha fa? Marayun da aka bari fa, waɗanda yanzu sun zama samari, wasu an gan su cikin 'yan kalare? Tunda an yi dokar kafa hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017, ina fata masu iya kai magana a cikin ku su kai, a sa masu duba irin wannan ciwon a asibitocin ƙananan hukumomi, kusa da talaka.

Na yi nisa, ki yi haƙuri. Kin tambaya ko ana warkewa. Ni dai ina barci yanzu, na koma sana'a ko da ba a cikin kasuwa ba, a bakin titin unguwarmu nake da ɗan shago. Ɗana da na doka shi ke tsare min shi in ya taso daga makaranta, kuma ban taɓa aikensa canji ba, da kaina nake zuwa. Goman ƙarshe na azumi har yanzu tana yi min nauyi, maiɗakina ta sani, takan rage hayaniyar yara ta bar fitila a kunne. Ke ma ki lura da Disamba, da lokacin da yara ke fasa nokawut, ki roƙi maƙwabta su matsa da shi nesa. In za ki tashe shi daga barci kada ki taɓa shi, ki kira sunansa daga bakin ƙofa. Takalmin nan kuma ki bar masa, kada ki yi gardama a kai, ni sai da na fara shan magani da wata biyu na cire nawa da kaina.

Ke ma ki samu wadda za ki riƙa faɗa wa damuwarki, shekara goma kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Na yi wa maiɗakina maganarki ɗazu, ta ce in kina so ki bi ta hannun masu kula da zauren nan a haɗa ku, ta fi ni sanin ɓangarenki. Shi kuma in ya yarda, ni zan zo da kaina mu zauna a ƙofar gida, ba sai an ce masa don me ba. Kada ki nuna masa rubutun nan tukuna. Ranar da za ku asibiti ku yi sammako kafin layi ya cika, ki nema masa wurin zama kusa da ƙofa, bayansa na jingine da bango.